Ni Na Buɗe Kwaɗon Malam Haruna

Ku samarin yanzu da kowa burinsa ya sayi keke ya ɗaura masa ƙararrawa biyu, da ku nake. Ba zan faɗi sunana ba. Ba tsoro ba ne, domin duk mai cin kasuwar Ƙanƙara ko ta Faskari ya san fuskata, ya kuma san inda na yi shekara huɗu. Ina da ɗiya, ita kuwa ba ta ɗauki kayan kowa ba, shi ya sa. Kada wanda ya karanta wannan ya ji tausayina. Ban roƙa ba, ba na kuma so. Abin da na yi, da idona biyu na yi shi, kuma zan faɗe shi yadda ya faru, ko wa zai ji haushi.

A Ƙanƙara aka haife ni. Mahaifina manomi ne, dawa da gero ba su taɓa yanke mana ba, auduga ma muna yi daidai gwargwado. Na yi karatun allo, da na tasa na koyi gyaran keke, na kafa rumfa a gindin wata tsamiya bakin kasuwa. Na yi aure, aka haifa mini ɗiya. In an tashi ba da labarin ɓarayi sai a ce talauci ne ya kai su. A kaina dai wannan ƙarya ne. Ban taɓa kwana da yunwa ba.

A shekarun nan ne kuɗin auduga ya shigo ƙasarmu, keke ya yi yawa. Manomi in ya sayar da audugarsa abin da yake fara saye ke nan, ya je ya yanko lasin, ya naɗe ƙarfen keken da ƙyalle don kada fenti ya kuje. Mutum ya gwammace a taɓa rigarsa ta Salla da a taɓa kekensa. Da keke ya yawaita sata ta biyo baya, kowa ya shiga neman makulli. Iri biyu ake yi. Akwai makullin ƙafa, wanda ake ɗaurawa a jikin keken ƙarƙashin sirdi, a danna wani ƙarfe ya ratsa ƙafar baya. Akwai kuma sarƙa da kwaɗo, a ɗaure keke jikin itace ko turke.

Wata ranar kasuwa wani malamin makaranta ya iso rumfata yana jan kekensa, ya ɗaga ƙafar baya sama, duk ya jiƙe da zufa. Ya yar da mabuɗi. Ya ce in fasa makullin kawai. Na ce ya dakata tukuna. Na ɗauki guntun waya irin ta ƙafar keke, na daddaka bakinta, na lanƙwasa, na zura ina lalube. Ban taɓa gwadawa ba sai ran nan. Kafin ya gama goge fuska ƙarfen ya koma da kansa. Mutanen da ke zaune suka yi ta mamaki, wani ya ce lallai ina da asiri. Daɗin da na ji ran nan ya fi na duk facin da na taɓa yi. Daga nan duk wanda mabuɗinsa ya ɓace sai a ce ya zo gindin tsamiya. Wani lokaci ma babu wanda ya yar da komai, sai a kawo kwaɗo don a ga yadda nake yi, ni kuma in rufe ido in buɗe shi, a yi ta dariya. Har na fara cewa a bainar jama'a ba a ƙera kwaɗon da zai gagare ni ba.

Ganin haka na fara saro kwaɗuna ina sayarwa. Akwai wasu masu ƙyalli, farare tas kamar azurfa, marasa nauyi, su mutane suka fi so. Wata rana ina jera su sai na ɗauki mabuɗin wani na sa a wani bisa kuskure, ya buɗe. Na gwada na uku, shi ma ya buɗe. Ashe mabuɗan nasu iri kaɗan ne, ana ta maimaitawa. Abin da ya kamata shi ne in mayar wa mai su, in gaya wa waɗanda na sayar wa. Ban yi ba. Na tsince mabuɗi ɗaya daga kowane iri, na zura su a igiya, na sa a aljihun ciki. Na gaya wa kaina don taimakon waɗanda za su yar da nasu ne. Ko a lokacin na san ƙarya nake.

Akwai wani mutumin wajen Sabuwa da ake kira Dogo, dillalin tsofaffin kekuna ne, kullum cikin wankakkiyar riga. Yakan zauna a rumfata ranar kasuwa yana cin goro yana kallon hannuna. Rannan da mutane suka ragu ya ce hannu irin nawa ya fi ƙarfin faci. Bai ce in yi sata ba, bai taɓa furta kalmar ba. Cewa ya yi akwai wata kuka bayan Faskari, kan hanyar da ta nufi daji, duk keken da ya isa gindinta shi ya san yadda zai yi da shi. Zai bi da shi ta dajin Sabuwa ya ƙetare iyaka, can a sauya masa sirdi da kariyar ɗora kaya, a goge lamba, ko mai shi ya gani ba zai gane ba. Na ce masa ni ba ɓarawo ba ne. Ya yi dariya ya ce shi ma bai ce ba. Mako biyu ina juya maganar, kuma ba ribar ce ta fi jana ba. So nake in ga ko zan iya yi a tsakiyar mutane ba wanda ya lura.

Na iya kuwa. A kasuwar Faskari na fara, da rana tsaka. Masu cewa ɓarawon keke sai duhu ba su san komai ba. Na tafi kai tsaye wurin keken kamar nawa ne, na yi wa mai rake da ke kusa sallama, na sunkuya, na buɗe, na hau. Har sannu da hanya ya yi mini. Daga ran nan na raba kasuwanni: Ƙanƙara wurin sana'a ce, ba na taɓa komai a can, Faskari da Sheme da Sabuwa kuwa wurin ɗauka. Makullin ƙafa ban ɗauke shi a bakin komai ba, ko bai buɗe ba sai mutum biyu su ɗaga keken su sa a bayan amalanke. Sarƙa siririya awartaki yake gama ta. Farin kwaɗo kuwa mabuɗinsa na aljihuna. Na kai kusan shekara biyu a haka, ina salla a sahun gaba, ana kawo mini jajen kekunan da ni na ɗauke, ina cewa Allah ya tona asirin mai yi.

A cikin waɗannan akwai guda ɗaya da ya sa nake wannan rubutu. Wani manomi mai suna Malam Haruna, daga wani ƙauye kusa da Sabuwa, ya zo Ƙanƙara sayen sabon keke tare da ƙanensa Lawal. Gandu ɗaya suke noma, tukunya ɗaya ake dafa musu. Suka biyo ta rumfata neman kwaɗo. Ina da wani baƙi mai nauyi, na baƙin ƙarfe, mummuna, wanda ni kaina sai na daɗe kafin in buɗe shi. Ina kuma da fararen nan. Malam Haruna ya ɗauki wannan ya ɗauki wancan, ya kasa zaɓa, ya dube ni.

"Tsakaninka da Allah, wanne ya fi? Ni ban san kan abin ba, kai ka sani."

Na miƙa masa farin. Na ce baƙin tsatsa yake yi da damina. Ya yi mini godiya har da addu'a. A gabana ya kwance mabuɗan biyu, ya sa ɗaya a aljihu, ya ba Lawal ɗaya, ya ce keken nasu ne su biyu.

Bayan mako uku na ga keken a kasuwar Sabuwa, ɗaure jikin wani marke. Na buɗe da mabuɗin aljihuna. Sai wata wauta ta zo mini. Maimakon in yar da sarƙar, na mayar da ita jikin itacen na datse kwaɗon yadda yake, don mai shi ya zo ya tsaya yana mamaki. Ina tafe a kan keken ina dariya ni kaɗai. Gwaninta nake ganin na yi.

Wanda ya kawo ƙarshena wani tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Turawa, kowa Baba Soja yake ce masa. Hatsi yake saye a ƙauyuka yana kaiwa kasuwa. Ya zo rumfata neman kwaɗo, amma shi bai tambaye ni wanne ya fi ba. Ya ɗauki fari guda ya auna a tafin hannu, ya girgiza shi kusa da kunne. Ya ce in ba shi guduma, ya ɗan ƙwanƙwasa gefensa, kwaɗon ya buɗe baki. Ya ɗebi mabuɗai uku ya yi ta sauya musu kwaɗo, biyu suka buɗe wanda ba nasu ba. Ya ajiye, ya daɗe yana dubana, ya ce, "Ɗana, wannan kake sayar wa mutane?" Na ce haka ake kawo su. Ya juya ya tafi. Daga baya na ji ya sa maƙeri ya ƙera masa sarƙa mai kaurin ɗan yatsa, ya aika birni aka sayo masa wani kwaɗo mai nauyi.

Kallon nan da ya yi mini shi ya tsaya mini a rai. Dogo da kansa ya ce in rabu da keken tsohon, akwai masu sauƙi da yawa. Na ce sai na ɗauke shi. Na bi shi kasuwa uku ina lura. Ba ya ajiye keke a lungu. Kullum inda mutane suke zaune yake kai shi, ya zura sarƙar ta cikin ƙarfen tsakiya da ƙafar baya, ya zagaya itace, ya ja ta ta ɗame har kwaɗon ba ya taɓa ƙasa.

A Sheme na gwada, ranar kasuwa bayan azahar, ya shiga wajen ma'auna. Na durƙusa na gwada mabuɗaina duka, ko shiga ba su yi ba. Na sa waya, na lalubo, na ji abin cikin yana da tauri ba irin wanda na saba ba. Na matsa da ƙarfi, wayar ta karye a ciki. Mai hankali a nan zai tashi ya kama hanya. Ni kuwa na zaro magagari daga hannun riga na kama sarƙar. Ashe maƙerin ya ƙona ta ya tsoma a ruwa, magagarin sai zamewa yake yana ƙara. Ni da ban taɓa wuce sallama ɗaya a gaban keke ba, ga ni durƙushe har ƙafafuna sun yi tsami.

Wata mai sayar da daddawa tana zaune nesa kaɗan. Ta ce, "Malam, mabuɗin ya ɓace ne?" Na ce i, ya faɗi a hanya. Ta ce ikon Allah, ita kuwa mai keken nan duk mako wurinta yake sayen daddawa, kuma yanzu ta ga ya wuce da mabuɗinsa rataye a wuya. Ba ta ko yi ihu ba, mahautan da ke bayanta ta kira. Na sha duka ran nan, haƙorana biyu a kasuwar Sheme na bar su. Baba Soja ne ya ratso taron ya tsaya a kaina ya ce kada wanda ya ƙara taɓa ni, akwai hukuma. Da 'yan doka suka laluba aljihuna suka fito da igiyar mabuɗai.

A gaban alƙali wannan ɗaya kaɗai na amsa, shi ma don an kama ni a kai. Mabuɗan na ce na sana'a ne. Aka yanke mini shekara biyu, aka kai ni gidan yari a birni. Dogo ya aiko a gaya mini in kama bakina, in na fito wurina yana nan. Na shiga da taurin kaina, ina ganin rashin sa'a ce kawai ta same ni.

Aikinmu a can ɗiban ruwa ne da yankan ciyawa. Wata na biyu aka haɗa ni da wani ramamme muna ɗaukar garwa a sanda ɗaya. Ni ban gane shi ba, shi ya gane ni. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce ba ni ne mai gyaran keke na gindin tsamiya ba? Ya ce shi ne Lawal, ƙanen Malam Haruna. Na tambaye shi abin da ya kawo shi, ya ba ni labari muna tafe ruwa yana zuba mana a ƙafa.

Ran nan a Sabuwa, da wansa ya dawo ya tarar da sarƙa a rufe babu keke, sai mutane suka taru. Kowa ya duba, ba a fasa ba, ba a yanke ba. Mabuɗi biyu ne a duniya, ɗaya yana aljihun Malam Haruna. Lawal ya rantse, ba wanda ya saurara. Wan nasa ya mare shi a gaban jama'a, ya ce ya faɗi wanda ya sayar wa a rufa asiri a gida. Ya ce ba shi da abin faɗa. Malam Haruna da kansa ya kai shi ƙara. Aka sami waɗanda suka ce sun gan shi yana zagaya itacen, gaskiya ne kuwa, ya je ya ɗauki buhu a kariya. Aka ɗaure shi shekara biyu. Matarsa ta koma gidansu da ciki. Uwarsu tsohuwa ta daina yi wa kowa magana a gidan. A lokacin da yake ba ni labarin ya riga ya yi shekara ɗaya da wata uku.

Da muka sauke garwar ya dube ni ya ce, "Kai da ka san kwaɗo, ƙaƙa za a yi a buɗe shi a mayar, ba mabuɗi? Kullum sai na yi wannan tunani, har na fara cewa ko aljanu ne."

Na ce masa ban sani ba.

Kwana tara na yi da wannan amsa a cikina. Dukan Sheme bai karya ni ba, sarƙar ƙafa ba ta karya ni ba, amma kullum da safe sai mutumin nan ya gaishe ni, ya karɓi gefen sanda mai nauyi don ya ga haƙarƙarina bai warke ba. Rana ta goma a bakin rijiya na ce masa ya ajiye guga. Na ce ni na buɗe, da mabuɗi na uku, ni na mayar da sarƙar don in yi dariya. Na zaci zai rufe ni da duka, na ma so ya yi. Bai yi ba. Ya zauna a ƙasa, ya kama kansa da hannu biyu, ya daɗe. Da ya ɗago abin da ya ce kawai shi ne, "To ka faɗa musu."

Na faɗa wa ganduroba, ya ce rana ce ta buge ni. Na nace har maganar ta kai ga Yari. Shi ma ya ce wataƙila Lawal ne ya yi mini alkawarin wani abu. Na ce a kawo sarƙar da kwaɗon, suna nan ajiye tun shari'ar, a kawo igiyar mabuɗaina. Sai da aka yi wata biyu ana kai da kawowa. Kafin nan labari ya bazu a cikin fursuna. Tsofaffin ɓarayi suka daina ci tare da ni, suka ce na zubar musu da mutunci. Wani yaron Dogo da ke ciki ya tare ni wajen yankan ciyawa, lauje a hannunsa, ya ce in na ambaci sunan maigidansa ba zan fita da ƙafata ba. Na ce masa ya sara yanzu ga wuya, in kuwa bai sara ba ya aika wa Dogo cewa sunansa ne zan fara faɗa. Bai sara ba.

A gaban alƙali, Malam Haruna yana zaune, aka miƙo mini kwaɗon. Na zaɓi mabuɗi daga igiyata na murɗa, ya buɗe. Na rufe na sake buɗewa don kowa ya gani. Na lissafa kekunan da na ɗauka, da kasuwannin, da kukar bayan Faskari, da Dogo. Ba wanda ya tilasta ni, kuma ban sunkuyar da kai ba ina faɗa. Aka ƙara mini shekara biyu, aka saki Lawal. Malam Haruna ya miƙe zai kama hannunsa a bakin zaure, Lawal ya ratse ya wuce. Dogo kuwa kafin a je ya ƙetare iyaka. Ina jin labarinsa, har yanzu yana nan da wankakkiyar rigarsa ana ce masa Malam. In wannan takarda ta kai gare shi, ya sani ban janye ko kalma ɗaya ba.

Na cika shekara huɗu aka sallame ni. Na tarar matata ta nemi saki an ba ta, ban ga laifinta ba. Mahaifina ya tsufa ƙwarai, bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi mini maraba ba, fartanya ya miƙo mini. Na yi damina ɗaya a gona ina tuba tsakanina da Ubangijina. Da kaka ta yi na kama hanyar Sabuwa a ƙasa, na ƙi hawa keken kowa, kwana uku ina tafiya.

Na sami Malam Haruna a ƙofar gida yana gyaran zana. Ya gane ni tun daga nesa. Na durƙusa na ce na zo neman gafara. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya bari na sha. Ya ce tun da aka saki Lawal bai kwana a gidan ba ko sau ɗaya. Ya biya ya ɗauki matarsa da ɗan da aka haifa yana ɗaure, ya yi yamma, ba wanda ya san garin da ya sauka. Tsohuwarsu ta rasu bara tana kiran sunansa.

"Keke na yafe maka," in ji shi. "Amma ƙanena ba kai ka mare shi ba, ba kai ka kai shi ƙara ba. Wannan ni ne, kuma ba kai za ka yafe mini ba."

Ya nuna mini wani rumbu a gefe, ya ce duk shekara rabon Lawal na gandu a nan yake zubawa, ba ya taɓawa. Sa'an nan ya ce in kama hanya kafin la'asar, ba ya son yaran gidan su san ko ni wane ne.

Na koma gindin tsamiyata. Wasu sun ce ba ni da kunya. Na ce nan na yi ɓarnar, nan kuma zan zauna. Yanzu duk wanda ya sayi kwaɗo a kasuwa yana iya kawo mini in gwada a gabansa, ba na karɓar komai. In na buɗe shi nan take sai in ce ya mayar. Masu sayar da fararen kwaɗuna sun kai ƙarata wurin sarkin kasuwa sau biyu, wai ɓarawo yana kashe musu ciniki. Na ce i, ɓarawo ne, shi ya sa ya san abin da suke sayarwa. Har gobe ban daina ba.

To ga abin da zan gaya muku game da makulli, daga bakin wanda ya sani. Kada ƙyalli ya ruɗe ku, ku auna nauyi a hannu. Ku sa mai sayarwa ya ba ku mabuɗan wasu kwaɗunan ku gwada a naku, in ɗaya ya buɗe ku ajiye ku tafi. In ya ƙi yarda a gwada, ku tafi tun nan. Makullin ƙafa shi kaɗai ba ya tsare komai, sai an haɗa da sarƙa, sarƙar kuma ku je wurin maƙeri ya yi muku mai kauri. Ku ɗaure ta cikin ƙarfen tsakiya, jikin abin da ba a tumɓukewa, inda mutane suke zaune kuma sun san ku. Babu kwaɗon da ba ya buɗuwa. Na Baba Soja ma da an bar ni yini guda da na ci shi. Amfanin nagari shi ne ya riƙe ɓarawo a durƙushe har wani ya tambaye shi abin da yake yi. In kuma aka sace muku keke kuka tarar da kwaɗo a rufe, kada ku fara da mutumin gidanku. Ku fara da wanda ya sayar muku.

Kai kuma saurayi mai hannu, wanda ake tafa wa don ya iya abin da wasu ba su iya ba, ka kula da ranar da za ka sa abu a aljihu ka ce don taimako ne. Ni ran nan na zama ɓarawo, ba ranar Faskari ba. Kuma kada ka ce keke ne kawai, mai shi zai sayi wani. Ban san abin da sauran kekunan suka jawo a gidajen masu su ba, ɗaya kaɗai Allah ya nuna mini.

Abu na ƙarshe roƙo ne, kuma shi kaɗai zan roƙa. Ku kuna yawo, kuna zuwa garuruwan da ni ba zan kai ba. In ɗayanku ya gamu da wani Lawal mutumin ƙasar Sabuwa, dogo, mai tsage a kumatun hagu, wanda ba ya son a yi maganar gida, kada ku ce masa komai game da ni. Ku ce masa wansa ya tsufa, kuma rumbun ya cika har an fara gina na biyu.